Hada Maganin Fargaba da Maganin Barci Yana Iya Tsayar da Numfashi

Edita, a taimaka a yada wannan gargadi. Wanda likita ya dora kan diazepam ko bromazepam saboda fargaba, kada ya kara da maganin barci irin zolpidem ba tare da sanin likitan ba. Dukkansu hanya daya suke bi su kwantar da kwakwalwa, don haka numfashi na iya raguwa cikin barci, balle in an hada da tramadol, kodin ko giya. Diazepam yakan kwana biyu ko fiye a jiki, shi ya sa tsofaffi ke tashi da jiri su fadi a bandaki. Kuma wanda ya dade yana sha kada ya yanke lokaci guda, farfadiya na iya biyo baya. Likita ne zai rage masa sannu-sannu. In an ga mutum ya ki farkawa, lebensa ya sauya launi, a kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti da kwalin maganin.

Daga wasu masana harhada magunguna, Kano