Rahoton Sakatare na Ƙarshen Shekara: Daga Dala Zuwa Gashaka-Gumti

Assalamu alaikum, shugaba, iyayen ƙungiya da sauran 'yan uwa membobi.

Atisayen hawan dutse na safiyar Asabar bai yanke ba bana, sai a watan azumi da muka ɗaga shi bisa shawarar kowa. Mako guda Dala, mako guda Goron Dutse. Sababbin membobi sun shigo, galibinsu ɗalibai. Taron wata-wata kuwa, gaskiya, ya yi rauni bayan babbar salla, kuma har yanzu akwai masu bashin kuɗin wata. Ma'aji zai karanto nasa bayanin, ba zan yi masa shisshigi ba.

Babban aikin shekara shi ne tafiyar Gashaka-Gumti, gandun daji mafi girma a Najeriya, wanda aka kafa a 1991 bayan an haɗe gandun Gashaka da na Gumti. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Taraba da Adamawa har bakin iyakar Kamaru. Mun tashi da rani, domin da damina koguna kan cika su tare hanya. Kwana biyu muka yi a mota, ta Gombe da Numan, muka kwana Jalingo, washegari muka bi ta Bali muka sauka Serti inda hedkwatar gandun take. A can aka rubuta sunayenmu, muka biya kuɗin shiga, aka haɗa mu da jami'an gandu masu rakiya. Ba a shiga babu su.

Abin da taro ya amince da shi tun farko shi ne hawan Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, tsauni mafi tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Ba mu hau ba, kuma gara in faɗa da bakina kafin a ji a bakin wani. Mun ware kwanaki kaɗan, guzurinmu bai kai ba, ba mu tanadi kuɗin masu ɗaukar kaya ba, ga shi rabinmu da takalmin ƙwallo suka zo. Da jami'an suka dube mu, suka dubi kayanmu, sai suka ba mu shawara cikin ladabi mu tsaya a ɓangaren ƙauyen Gashaka. Wasu sun ji haushi. Zuwa yammacin rana ta biyu, da ƙafafu suka yi bororo, ba wanda ya sake ambaton Gangirwal. Ashe mai hawan matakalar Dala bai san dutse ba tukuna.

Amma fa ba mu yi asara ba. A kogin Mayo Kam mun zauna shiru a kan duwatsu tun da sanyin safiya har dorina ta ɗago, kunne da hanci kawai, ta yi huci ta koma. Ruwan garau yake, kana hango kifi a ƙasa. Mun hau tudun da kangon ganuwar Jamusawa yake, tun zamanin da yankin ke hannunsu kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga nan muka taka zuwa Kwano, inda masu binciken birai suka daɗe suna aiki. Hanyar ta fara da ciyawa da itatuwa jefi-jefi irin na gida, can sai kurmi ya rufe mu, rana ta ɓace. Mun ga garken bika, mun ga birin nan baƙi da fari mai doguwar jela yana tsalle a ƙololuwar itace, mun ga sawun ɓauna a bakin rafi. Cimpanzi, babban birin nan mai kama da mutum, kam ba mu gan shi ido da ido ba. Sheƙarsa aka nuna mana a sama, rassa a lanƙwashe, domin kullum dare sabuwa yake yi. Da asuba mun ji ihunsu daga nesa, haɗe da wani kiɗi kamar ganga, wai saiwar itace suke duka. Wani dattijonmu ya ce shi dai kuɗinsa ya fita.

Abu ɗaya ya ɓata mini rai: sai da jami'i ya duƙa ya tsince ledar ruwan da ɗayanmu ya yar. Mu da muke kiran kanmu masoya daji. Ban ambaci suna ba, mai ita ya san kansa.

Kwamiti na ba da shawarar a sake neman Gangirwal a rani mai zuwa, ta ɓangaren Mambila, a ware masa mako guda cur ban da kwanakin mota. Sai wanda ya halarci atisaye a kai a kai, ya kuma biya bashinsa, za a sa sunansa. Kowa ya nemi takalmin dutse da rigar sanyi mai kauri tun yanzu, don sanyin can saman ba irin hunturun Kano ba ne. Za a kaɗa ƙuri'a a kan wannan bayan bayanin ma'aji, kuma takardar sa suna tana wurina.

Wassalam.
Sakatare