Zuwa Ga Abokan Cinikinmu: Gyaran Da Za Mu Yi Wa Injin Raba Intanet

Assalamu alaikum Alhazai da Hajiyoyi, 'yan kasuwa da magidanta da ke kan layinmu a Agege, Idi-Araba da Mile 12. Ya kasuwa, ya iyali?

Daren Asabar mai zuwa wayewar Lahadi, daga ƙarfe 1 zuwa 4 na dare, intanet zai riƙa ɗaukewa yana dawowa, saboda za mu sauya yadda babbar kwamfutarmu ke raba aiki. Kuɗin wata yana nan yadda yake, gudun da kowa ya saya ma haka. Abin da muke son kawarwa shi ne nauyin nan na bayan sallar isha, lokacin da mai POS ke tsaye da kwastoma injin yana ta juyawa, ko kana waya da gida Kano ta WhatsApp murya na yankewa.

Da yawa kun ɗauka layin da muke saya ne ya yi kaɗan. A'a, da sauran wuri a cikinsa. Duk abin da kuka aika ko kuka karɓa yana wucewa ne a ƙananan fakiti ta cikin kwamfuta ɗaya mai aiki da Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da ita, ita ke auna wa kowa rabonsa: mai megabit 10 ya samu 10, mai 50 ya samu 50. Ƙwaƙwalwarta sassa takwas ce, kowane sashe na iya aiki da kansa. Amma ma'aunin, wanda ake kira HTB, makulli ɗaya gare shi, sai sashe ɗaya ya saki kafin wani ya taɓa. Kamar shagon hatsi ne mai yara takwas da mudu ɗaya. Da daddare idan ka dubi allon injin, za ka ga sassan suna ta ɓata lokaci wajen jiran juna, fakiti kuma na taruwa a baya.

To me zai hana a ba kowane sashe ma'auninsa? Shi za mu yi, amma akwai sharaɗi. Katin sadarwa, wato inda wayar intanet ke shiga kwamfutar, da kansa yana watsa fakiti cikin sassan, sai dai bai san kwastoma ba: bidiyon ɗanka ya faɗa sashe na biyu, kiranka ya faɗa na shida. Ma'auni biyu, kowanne ya ga rabin abin da gidanka ke ja, babu mai cikakken lissafi. Dole duk kayan mutum ɗaya su bi sashe ɗaya.

Nan ne XDP ke shigowa, wata ƙofa da aka saka wa zuciyar Linux a 2016, wadda ke tare fakiti tun yana sauka daga kati. A 2018 aka ƙara mata cpumap, hanyar miƙa fakitin ga sashen da aka zaɓa. Ƙaramar manhaja za ta dubi lambar IP, wato adireshin intanet da ke jikin fakitin, ta ga ta wane ce, ta tura ta sashensa, can ma'aunin sashen ya auna. Lambar kawai take dubawa. Ba ta buɗe saƙon kowa, kuma mu ma ba ruwanmu da shi. Ba mu muka ƙirƙiro dabarar ba. Injiniyan Linux Jesper Dangaard Brouer na cikin waɗanda suka gina ta, manhajar LibreQoS da ƙananan kamfanoni irin namu ke amfani da ita ma a kanta take tafiya.

A ƙarshen layin kowane kwastoma za mu ɗora CAKE, wani tsarin jera fakiti, wanda shi ma ya shiga Linux a 2018. A ganinmu shi ne za ku fi ji a jikinku, domin yana barin ƙananan abubuwa masu gaggawa, irin murya da saƙon banki, su wuce ba tare da sun tsaya bayan babban fim ɗin da wani ke saukewa a gida ɗaya ba.

Kada mu yi muku alkawarin da ba namu ba. Idan wayar ƙarƙashin teku ta yanke, kamar yadda aka yi a watan Maris na 2024 har bankuna a Legas suka shiga wahala, wannan gyara ba zai yi komai ba. Haka ɗaukewar wuta, haka rawutar da aka cusa bayan firij ana neman ta kai bene na uku. Sannan manyan kwastomomi, masu otal da shagunan kallon ƙwallo, sai mun rarraba su cikin sassan da hannu don kada su taru a wuri ɗaya, wannan kuwa zai iya ɗaukar mu 'yan kwanaki muna daidaitawa.

Da safiyar Lahadi, wanda intanet bai dawo masa ba ya kashe rawuta ya sake kunnawa. In ya ƙi, a kira ofis. Wanda kuma ya ci gaba da jin nauyi da daddare, don Allah ya faɗa mana unguwa, ƙarfe nawa ne, da abin da yake yi a lokacin, da haka za mu gane sashen da ya cika.

Allah ya ba da kasuwa.

Naku,
Ma'aikatan sashen injiniya