Yaya, a daina cewa ina da kamfani

Birmingham, Nuwamba 2025

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Ya Anti da yara? Mu nan alhamdu lillahi, sai ɗan sanyi. Kafin ƙarfe huɗu da rabi an yi magariba, kullum da duhu nake tashi daga aiki.

Kuɗin wannan watan fam 200 ne, ba 300 ba. A fara cire na maganin Inna kafin a taɓa komai. Kar ka faɗa mata an rage.

Kamfanin nan ne ya ja. Ka tuna a Maris ɗin 2023 da na yi masa rajista, muna ta lissafin zoborodo da citta daga Dawanau? Fam 12 na biya, a waya, ina zaune a bakin gado. To har yau ko buhu ɗaya bai iso ba, amma a wajen Companies House, hukumar rajistar kamfanoni ta nan, kamfani kamfani ne, ko ya sayar ko bai sayar ba. Duk shekara sai ka kai musu lissafi, sannan ka cike wata takarda ta tabbatar da adireshi da sunan darakta, ita ma fam 34 a farashin 2025. Bara na yi sakaci, wasiƙarsu ta yi makonni a kan firji ban buɗe ba, na makara da kwana 9, aka ci ni tarar fam 150. Laifina ne. Idan na sake makara a bana ninkawa za a yi, kuma 31 ga Disamba ne wa'adi.

Shi ya sa na shiga neman akanta. Na farko ofis gare shi a bakin titi, har da shayi aka kawo min, ya ce fam 600 a shekara. Shayin ma kasa shanye shi na yi. Wani da aka haɗa mu a masallaci ya ce 250, wai don zumunci. Sai wani ɗan Kumasi da muke aiki tare ya ce ni ne ban iya tambaya ba, in ce musu kamfanin barci yake, haka ake kiran irinsa a nan. Da na faɗi haka na sami wata mata da take aiki daga gidanta, fam 90. Mutuniyar kirki ce, ta ce min gaskiya tunda bai taɓa ciniki ba zan iya cike lissafin da kaina a intanet kyauta, layuka kaɗan ne. Amma wanda maciji ya sara, ka san sauran. Na biya ta. Ita ce ma ta ce in sanar da HMRC, masu haraji, don su daina jiran takarda daga wajena.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Ta ce kuɗi suna shiga asusun kamfanin, ko suna fita, ko da cajin banki ne, to ya farka ke nan, sai cikakken lissafi, mu koma kan farashin mai shayi. Ni kuma na ji Sani yana yawo a Dawanau yana cewa yayansa yana da kamfani a Ingila, har ya yi wa wani Alhaji alkawarin lambar asusu. Yaya, ka kira shi ka zaunar da shi. Kar ya ba kowa lambar nan, kar ya karɓi sisin kowa da sunana. Ni kaya nake jerawa a sito da dare, shi yana can yana raba min sarauta.

Ko da yake ni na ja. Ni na tura masa hoton satifiket ɗin, don a nuna wa Inna ta ji daɗi.

Na so in rufe shi gaba ɗaya, fam 33 ne kawai a farashin 2025, sai dai a kwashe abin da ke asusu tukuna, don in an rufe da saura na Sarkin Ingila ne. Na buɗe shafin sau biyu na kasa. Sunan Baba ne a jiki. Bari mu ga shekara mai zuwa.

Maganin Inna tukuna, sannan kuɗin makarantar Ummi, abin da ya rage a sayi masara. Sani kuma kar a ba shi komai sai ya kira ni da kansa.

A gaida kowa da kowa. A ce da Inna ina cin abinci sosai.

Ƙaninka