Kumburin ƙasan ido: a fara gane ruwa ne ko kitse

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja hankalin masu fama da kumburin ƙasan ido idan girma ya zo, don da yawa suna zubar da kuɗi a kan man shafawa a banza.

Kumburin iri biyu ne. Na ruwa ya fi yawa da safe, ya sace kafin rana ta yi. Wannan a rage gishiri, a ƙara matashin kai lokacin barci, a ɗora tsumma mai sanyi na minti 10. In har ƙafafu ma suna kumbura ko fitsari na kumfa, a je a duba ƙoda.

Na kitse kuwa yana nan safe da yamma, kuma yakan ƙara ɓullowa in mutum ya ɗaga ido sama. Akwai tantanin da ke riƙe da kitsen da ke kewaye da ƙwayar ido. Shekaru ke sa ya saki, kitsen ya turo gaba. Babu man da zai mayar da shi. Man shafawa mai ɗauke da sinadarin sitiroyid ma ɓarna yake yi: yana sirantar da fata, yana iya jawo hawan jinin ido.

Allurar cike ramin da ke ƙarƙashin kumburin da sinadarin hayaluronik ɓoye kumburin kawai take yi, kuma takan narke cikin shekara ɗaya ko makamancin haka. In an zuba ta sama-sama wurin ya yi shuɗi-shuɗi, in ta shiga jijiyar jini tana iya makantarwa. Leza kuma, wato na'urar da ke gyara fata da haske mai ƙarfi, takan bar duhu a baƙar fata.

Tiyata ce ke taɓa tushen matsalar. Likita na shiga ta ɓangaren ciki na fatar ido, babu tabo a waje, ya rage kitsen ko ya shimfiɗa shi cikin ramin. Idan fata ta yi yawa, sai ya yanka daf da gashin ido, a cire zare bayan kwana 5 zuwa 7. Kumburi da taruwar jini sukan ɗauki mako biyu. In aka yanke fata fiye da kima, fatar idon takan janye ƙasa, ido ya riƙa bushewa yana hawaye, kuma gyaran ya fi aikin farko wuya. Mai shan asfirin ya faɗa wa likita tun kafin a sa rana. Ciwo mai tsanani ko dushewar gani bayan aiki alamar jini ne ke taruwa a bayan ido, a koma asibiti nan take.

Wassalam,
Wani ma'aikacin lafiyar ido