Wasiƙa zuwa ga aminina a kan haƙoran yara

Assalamu alaikum aminina,

Da fatan kana lafiya, da uwargida da ƙaramar baƙuwarmu. Allah ya raya ta bisa sunna. Ya sanyin Agadas?

Ka ce turminka na hagu ya sake tashi, kuma ka daina damuwa tunda ciwon haƙori gadon gidanku ne. A nan ban yarda da kai ba. Wushirya da jerin haƙora da ƙwarin ɓawonsu, waɗannan kam jini na da hannu a ciki. Amma kogo, abin da tsofaffi ke kira tsutsa, ƙwayoyin cuta ne da ke cin sukarin da ya maƙale a baki su fitar da tsami mai zaizaye haƙori. Jariri kuwa ba a haifarsa da su. A yawun manya yake samu, galibi na uwa ko mai reno: a ɗanɗana koko da cokali a miƙa masa, a tauna nama a sa masa a baki, a lashe kan bulumboti idan ya faɗi ƙasa. Duk ƙauna ce, na sani. Sai dai mai kogon da ba a cike ba, ƙwayoyin bakinsa sun fi yawa.

Yanzu jaririyar tana wata 4, haƙorin farko kan leƙo wajen wata 6, kafin shekara 3 an cika 20. Ka ga lokaci ya matso. Ku je wurin likitan haƙori ku biyun, a cike na cikewa, a duba dasashin uwargida, don masu ciki da yawa kan yi fama da kumburinsa da zubar jini, ita kuwa ba ta daɗe da haihuwa ba.

Kar kuma kowa ya ce maka ai za ta yi famfara su zube. Turamen baya sukan kai shekara 10 zuwa 12 kafin su faɗi, kuma su ke riƙe wa na dindindin wuri. Da haƙorinta na farko ya fito, a fara goge shi safe da dare da ɗan buroshi mai laushi da man goge baki gwargwadon ƙwayar shinkafa. Kar a kwantar da ita da shayi ko wani abin zaƙi a baki. Asuwakinka dai ka riƙe, amma ka rage sukarin shayin nan, mun san halinka tun makaranta.

Ka gaida Baba da Inna. Ka turo min hotonta kafin salla.

Naka,
Amininka daga Zariya