Ƙauyukan Romaniya na zama kufai, ku yi mana shiri a kai

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya ƙoƙari.

Don Allah ina roƙon ku ware shiri guda kan halin da ƙauyukan Romaniya ke ciki, domin wallahi abin yana damuna. A ƙidayar 1992 mutanen ƙasar sun kusa miliyan 23, a ta 2021 sun dawo wajen miliyan 19, kuma tun da suka shiga Tarayyar Turai a 2007 matasa ke ta kwarara ci-rani Italiya da Sifen da Jamus, wasu gini wasu aikin gona, mata da yawa kuma jinyar tsofaffin wasu suke yi alhali nasu tsofaffin na gida da jikoki a hannu.

Abin da ya fi tsaya min shi ne zaman da suke kira shezatoare. Da daddare lokacin sanyi mata su taru a gida ɗaya ana kaɗi ana saƙa ana waƙa da tatsuniya, a nan yarinya ke koyon surfanin rigar gargajiya ba tare da an ce mata zo ki koya ba. To yanzu wa zai taru? Uwar tana Italiya, kakar ido ya yi rauni. A yankin Oash, kamar garin Certeze, an zuba manya-manyan benaye da kuɗin ci-rani amma yawanci a kulle suke, sai watan Agusta masu su su dawo a sha bukukuwan aure a sake watsewa.

Na san UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cocinan katako na yankin Maramuresh a jerinta na kayan gadon duniya a 1999, waƙar doina a 2009, tukwanen garin Horezu a 2012, rigar gargajiyar ma a 2022, madalla, amma takarda ba ta sassaƙa ƙofa kuma ba ta kiwon tumaki, sai mutum ya zauna a garin ya samu abin da zai ci da sana'ar. Ni ban ga laifin wanda ya tafi ba, albashin can ya ninka na gida, ga makarantun ƙauye ana rufewa saboda ba yara.

Ceausescu ma, shugaban ƙasar na wancan lokaci, a 1988 ya ƙudiri rushe dubban ƙauyuka, juyin 1989 ya tare shi, yau ga shi suna mutuwa ba buldoza.

Idan za ku yi shirin ku nemi masassaƙa da makiyayan da suka rage ku ji daga bakinsu, kar ku tsaya kan jami'an yawon buɗe ido kawai.

Na gode, mai sauraronku na kullum.