Masu Hilux da Prado, ku duba tayar da kuke saya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin masu motocin shiga daji irin su Hilux da Prado, waɗanda kuma da su ake zuwa aiki da kai yara makaranta kullum. Da yawa suna sayen taya mai manyan haƙora, wadda aka rubuta M/T a jikinta, don kawai ta yi wa mota kwarjini. An ƙera ta ne domin taɓo. A kan kwalta tana da ƙara, tana ƙara shan mai, tana saurin suɗewa, kuma idan an yi ruwa birki ba ya kamawa da wuri. Wanda yawancin tafiyarsa a kwalta take, sai jefi-jefi ya bi burji ko hanyar gona, A/T, wato tayar da aka ƙera domin kwalta da burji duka, ita ce ta dace da shi.

A fara da takardar da ke liƙe a jikin ƙofar direba, wadda ke nuna girman taya da iskar da kamfani ya ƙayyade. Da yawa daga cikin motocin nan 265/65 R17 suke ɗauka. Idan aka koma 265/70 R17, tsayin taya ya ƙaru da kusan kashi 3 cikin ɗari: allon gudu zai nuna 100 alhali motar tana yin 103, tashi ya yi nauyi, wani lokaci kuma tayar ta riƙa gogar jikin mota idan an karya kan sitiyari gaba ɗaya.

Sai lambar nauyi da ke bin girman. 112 na nufin kowace taya na ɗaukar kilo 1,120, 120 kuma kilo 1,400. Kada a sauka ƙasa da abin da kamfani ya rubuta, musamman mai loda buhunan taki ko na masara. Tayar da aka sa wa LT, wato ta ƙananan motocin ɗaukar kaya, ta fi kaurin gefe, ƙayar aduwa da kututture ba sa huda ta da sauƙi, sai dai ta fi nauyi, motar takan yi tauri a gargada, kuma tana buƙatar iska fiye da taya ta yau da kullum kafin ta ɗauki kaya iri ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne tayoyin Beljiyam. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke rubuce a gefen taya su ne mako da shekarar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar roba takan bushe ta tsattsage ko da zanenta bai suɗe ba, kuma zafin kwalta a watan Afrilu shi ke fasa ta ana cikin gudu. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta daɗe tana gargaɗi a kan haka.

A sayi huɗu iri ɗaya, har da safaya in da hali, domin a mota irin Prado mai jan ƙafa huɗu kullum, bambancin tsayin taya yana wahalar da giya. A yashi irin na wajen Yusufari a rage iska zuwa PSI 18 ko 20 a gejin awon iska, amma a mayar da ita kafin a hau kwalta, in ba haka ba gefen tayar zai yi zafi ya lalace. A auna iska da safe kafin taya ta ɗumama, da gejin kanka, don na masu faci da yawa ba daidai suke ba. A kuma sauya wa tayoyin wuri duk kilomita 10,000, tare da duba alaimen.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Kano